"Ai da ƙafarki kika zo": su wa aka taɓa yi wa dole a asibitin ƙwaƙwalwa?

Kurciya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, kuma na lura duk sanda wani ya taɓo ta a zauren nan sai a yi maza a rufe ta da "ai don lafiyarki aka yi". Yau ina roƙon a bar ta a buɗe.

A fayil ɗina an rubuta cewa da amincewata aka kwantar da ni. Sa hannuna yana nan, ba na musu. Ga yadda aka same shi: likita ya turo mini takarda da biro ya ce, "Ko ki sa hannu ki kwanta da kanki, ko mu cike ɗaya takardar, ita kuwa fitarta ta fi wuya." Yayana yana tsaye a bakin ƙofa, bayansa wasu ƙartin ma'aikata biyu sun harɗe hannuwa. Na sa. Da gari ya waye na ce tunda da kaina na shigo zan koma gida, sai na tarar da ƙofa a kulle. Aka ce in jira likita. Da ya zo, har da murmushinsa, ya ce idan na dage zai mayar da ni cikin waɗanda aka tsare.

Ba na cewa lafiyata ƙalau a lokacin. Ba na barci, ina ta kashe kuɗin da ba nawa ba, ina ganin kowa tafiyar hawainiya yake ni kaɗai ke gudu. Ina buƙatar magani. Abin da ya ƙi wuce mini a wuya shi ne ƙaryar. Da sun ce "mun tsare ki", da na san akwai inda zan kai ƙara, akwai ranar da za a sake duba lamarina. Amma wadda ta zo da kanta, ƙarar wa za ta kai, a kan me?

Wa ya taɓa shiga irin wannan? Daga baya kun ga daidai aka yi muku? Dangi da ma'aikata ma ku sa baki, amma don Allah a fara sauraron masu ciwon.

Abban Yara

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara miki lafiya 'yar'uwa. Ki yi haƙuri zan sa baki tun kafin masu ciwon su gama, don ni ne irin yayan nan da ke tsayawa a bakin ƙofa.

Ƙanena idan ciwonsa ya tashi ba ya yarda ba shi da lafiya. A ganinsa mu ne muka haɗa baki da maƙwabta muna sa masa wani abu a ruwa. Ya daina sha, ya daina ci, leɓensa duk ya tsage. Mahaifiyarmu ta durƙusa a gabansa tana kuka tana roƙonsa, ya ce ita ma an saye ta. To ki gaya mini, amincewar wa zan jira? Ta mutumin da ciwon ya fara cinye wurin da ake amincewa da shi? Na yaudare shi, na ce za mu je dubo wani abokinsa, na kai shi. Bai yi mini magana ba tsawon lokaci, amma yana raye, yanzu ma yana aikinsa. Gara ya ƙi ni yana numfashi.

Masu cewa kada a tilasta wa kowa, yawancinsu ba su taɓa kwana zaune a ƙofar ɗaki suna sauraron ko mutum yana motsi ba.

Kurciya

Yaya, ban zarge ka ba, nawa yayan ma ban zarge shi ba. Amma ka lura, labarin da ka bayar na kai shi ne. Abin da ya same shi bayan an rufe ƙofa ka tafi gida, ka taɓa tambayarsa? Ni har yau ba wanda ya tambaye ni a gidanmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abban Yara

A wannan ciwon wani lokaci mai ɗakin ne kaɗai bai sani ba. Amma gaskiyarki, ban taɓa tambayarsa ba.

Barista Ƙarami

Abin da ya sami Malama Kurciya ba baƙon abu ba ne, masu bincike sun daɗe da saninsa. A shekarun 1990 an yi wani babban nazari a Amurka ƙarƙashin gidauniyar MacArthur, aka riƙa tambayar waɗanda aka kwantar yadda suka ji. Sai aka tarar abin da ke rubuce a takarda bai cika dacewa da abin da ke ran mutum ba: akwai "masu son ransu" da suka ce dole aka yi musu, akwai waɗanda doka ta tsare da suka ce ba su ji an matsa musu ba. Abin da ya fi raba su shi ne ko an bar mutum ya faɗi nasa, ko an girmama shi, ko ya ga masu yanke hukuncin suna yi da kyakkyawar niyya. Lallashi bai bar tabo ba. Barazana da ƙarfi su ne suka bari.

Maganarta ta inda za a kai ƙara kuwa ita ce tsakiyar lamarin. Ɗauki Ingila misali. Dokarsu ta 1983 ta ba da damar tsare mutum har kwana 28 don a tantance shi, ko har wata 6 don magani, amma wanda aka tsare yana da kotu ta musamman da zai roƙa ta sake shi, da lauya kyauta. Wanda ya shigo da kansa ba shi da wannan, don a ido na doka ƙofa a buɗe take gare shi. Sai dai ranar da ya nufi ƙofar, likita na iya riƙe shi awa 72, nas ma na iya riƙe shi awa 6. Ka ga wanda aka tsoratar ya sa hannu ya yi asara biyu: ba 'yanci, ba kariya.

A gefe guda akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006. Kwamitin da ke kula da ita ya fito a 2014 ya ce kada a ƙwace wa mutum ikon yanke shawara saboda taɓin hankali, a taimaka masa ya yanke da kansa. Likitoci da yawa sun ƙi wannan fassarar, kuma kusan duk ƙasashen da suka sa hannu har yau suna da dokar tsarewa. Rigimar da ke tsakanin Kurciya da Abban Yara ita ce dai ake yi a can sama.

Mai Jiran Asuba

Ni ba takarda ce ta dame ni ba. Ni ɗaure ni aka yi.

Abin da ya jawo shi ne waya. Sun karɓe wayata da na shigo, na ce ina so in kira matata in ji ko yarinyarmu ta sami sauƙi, don na baro ta da zazzaɓi. Aka ce sai gobe. Na sake tambaya, aka ce na fiye surutu. Na ɗaga murya, na buga teburinsu da tafin hannu, wannan na yi shi. Sai na ji an danna ƙararrawa. Kafin in juya mutane sun cika wurin, wasu ban taɓa ganinsu ba. Aka kai ni ƙasa rub da ciki, wani ya ɗora gwiwa a bayana, aka ja wandona ƙasa a gaban sauran marasa lafiya, har da mata ma'aikata, aka soka allura. Ina cewa ba na iya numfashi, wani yana cewa "tunda kana magana kana numfashi".

Na farka a kan gado, hannuwa da ƙafafu a ɗaure da maɗauri. Hancina yana ƙaiƙayi ba halin sosawa, wannan ƙaramin abin har yau ina tuna shi. Fitsari ya matse ni, na yi kira har muryata ta dushe. A ƙarshe na yi a kwance. Ni magidanci, uban 'ya'ya. Wanda ya zo kwance ni bai ce uffan ba, ya toshe hanci kawai.

Bayan nan na zama mara lafiyan da suke so. Aka ce sha, in sha. Aka ce yaya jiki, in ce da sauƙi. A zagayen likitoci aka rubuta na fara gane ciwona. Ba gane ciwo ba ne, na gane wa ke riƙe da makulli ne. Maganin yana sa ni wani irin rashin sukuni, ƙafafuna ba sa iya tsayawa wuri ɗaya, in yi ta sintiri a baranda kamar zan fita daga fatata, amma ban faɗa ba, don na ga wanda ya yi ƙorafi an ƙara masa allura.

Illar ita ce, da ciwon ya so dawowa daga baya na ji alamunsa sarai, na ɓoye. Na gwammace in mutu a ɗakina da in koma. Allah ya sa matata ta gane da wuri ta kai ni wani wurin daban.

Ummu Khairat

Innalillahi. Malam, Allah ya saka maka. Na karanta hawaye na zuba.

Sista Mai Aikin Dare

Malam Mai Jiran Asuba, ba zan kare abin da aka yi maka ba. Kwantar da mutum rub da ciki a danne bayansa yana kashewa, duk wanda aka horar ya sani, kuma zancen wai mai magana yana numfashi ƙarya ce da ta ci rayuka. Barin wanda aka ɗaure ba mai zama kusa da shi ma laifi ne, don jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa, ko ya yi amai ya shaƙe. Rashin sukunin da ka ce kuma sunansa akatisiya, illar magunguna irin su haloferidol ce, ana rage ta da sauya magani ko rage yawansa. Abin takaici, wanda bai kula ba sai ya ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa ya ƙara maganin da ke jawo ta.

Amma bari in faɗi yadda abin yake daga inda nake tsaye. Dare ya raba, mu biyu ne a kan ɗaki cike da marasa lafiya, likitan da ke kan kira yana can wani sashe. Mutum ya ɗaga kujera, kusa da shi akwai dattijon da ko gudu ba ya iyawa. Ba ni da lokacin zama in tambaye shi tarihin ransa. An taɓa shaƙe ni da igiyar katin shaidata har na ga duhu. Abokiyar aikina haƙoranta biyu na gaba ba nata ba ne. Ba wanda ya shiga aikin jinya don ya ɗaure mutane, wallahi bayan an yi wasunmu banɗaki suke shiga su yi kuka.

Inda na yarda da ku shi ne, yawancin rigimar ba daga kujera take farawa ba. Daga waya take farawa, ko "sai gobe", ko ƙofar da aka rufe ba bayani, ko wani ma'aikaci mai gatsali. Kafin a kai ga ƙararrawa an wuce wurare da yawa da za a iya kashe wutar. Da an ba ka waya minti biyu a gaban nas, da ba a yi komai ba. Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. A Ingila an gwada wani tsari mai suna Safewards a ɗakunan kwanciya 31, aka fitar da sakamako a 2015. Ba wani abin kuɗi a ciki: yadda za a gaya wa mutum labarin da ba zai so ba, yadda za a ce a'a ba tare da wulaƙanci ba, ma'aikata da marasa lafiya su san juna, su zauna su yarda da ƙa'idojin ɗaki tare. Ɗaurewa da killacewa da allurar dole suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Mai Jiran Asuba

Sista, na gode da ba ki ce ciwona ne ya sa nake ganin haka ba, don abin da aka saba ce mana ke nan. Abu ɗaya nake so ki kai wa abokan aikinki. Da washegari wani ya jawo kujera ya zauna ya ce, "Jiya mun tsorata ne, ga dalilin da ya sa muka yi, kai yaya ka ji?" da na yafe tun a can. Shirun ne ya nuna mini ba su ɗauke ni mutum ba.

Ummu Khairat

Ni tawa ta bambanta, kuma ina jin nauyin faɗa bayan abin da Malam ya rubuta, amma an ce kowa ya faɗi tasa.

Bayan na haihu ne abin ya same ni. Na daina barci, na riƙa jin ana gaya mini jaririyar ba tawa ba ce, kuma ni ban cancanci rayuwa ba. Da ƙarfi aka sa ni a mota, na ciji mijina a hannu, tabon na nan. Na tsine wa kowa. Yau idan na kalli yarinyar tana shirin makaranta, na san da an bi son raina a ranar da babu ni, wataƙila babu ita. Don haka ni ba zan ce a hana tilas gaba ɗaya ba.

Amma da na karanta naku sai na ga bambancin. Likitar da ta karɓe ni ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce, "Yau ba zan bar ki ki tafi ba, na san ba kya so, ga dalilina, ga wanda za ki kai ƙarata wurinsa idan kin ga na zalunce ki." Da za a yi allura ta tambaye ni a hannu ko a cinya, mace nake so ko ba komai, aka ja labule. Ana kawo mini jaririyar in gan ta. Dole ce, amma ban taɓa jin an tozarta ni ba.

Duk da haka har yau ba na son jin ƙarar makullai a aljihun mutum.

Dakta na Zaure

Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Kurciya, takardar da aka sa ki sa wa hannu ba amincewa ba ce, kuma mu likitoci mun san muna yin haka. Sau da yawa muna gaya wa kanmu alheri muke yi, wai kada a ɓata wa mutum suna da tarihin tsarewa. Wani lokacin kuma gudun cike takardu ne kawai.

Kan tambayarki ko mutane suna ganin daidai aka yi musu daga baya, an bincika. Wani nazari a ƙasashen Turai 11 da aka buga a 2010 ya bi waɗanda aka kwantar bisa dole. Bayan wata uku, waɗanda suka ce daidai ne sun kama daga kashi 46 zuwa kashi 86 cikin ɗari, gwargwadon ƙasa. Likitoci suna son ambaton 86 ɗin. Ni 46 ɗin ne ke hana ni sakewa, don yana nufin a wani wurin fiye da rabi ba su ce daidai ba ne ko bayan hankali ya kwanta. Kuma tazarar da ke tsakanin ƙasashen ta nuna ba ciwon kaɗai ke magana ba, yadda ake yi wa mutane ma yana ciki.

Abban Yara, halin da ka kwatanta gaskiya ne, akwai ciwon da ke hana mutum ganin ciwonsa, kuma wanda ya daina shan ruwa ba a jira. Inda nake taka-tsantsan shi ne yadda muke miƙa wannan hujjar ta rufe komai. Duk wanda ya ƙi maganarmu sai mu rubuta bai gane ciwonsa ba. Ta haka ba yadda za a yi mara lafiya ya yi gardama da likita ya ci.

Sannan ba duk tilas ce ke yin aikin da muke zato ba. Ingila ta shigo da dokar tilasta shan magani a gida a 2008, in ka ƙi a mayar da kai asibiti. Farfesa Tom Burns na jami'ar Okusfod, wanda da yana cikin masu goyon bayanta, ya jagoranci gwaji da marasa lafiya sama da 300. Sakamakon 2013: kashi 36 cikin ɗari sun koma asibiti cikin shekara a ɓangaren da aka tilasta, kashi 36 a ɗaya ɓangaren. An tauye 'yanci ba a sami komai ba, shi da kansa ya fito ya faɗa. A Jamus kuma an duba kwanciya kusan 350,000 a asibitoci 21 daga 1998 zuwa 2012, ba a ga kisan kai ko guduwa sun fi yawa a asibitocin da ba sa kulle ƙofa ba. Wannan na biyun ba gwaji ba ne, duba bayanan baya ne, don haka ba a gina gida a kansa, amma ya isa ya sa mu tambayi kanmu ƙofar wa take karewa.

Malam Mai Jiran Asuba, da duk mai karantawa: idan magani yana wahalar da kai kada ka yanke shi farat ɗaya kai kaɗai, yana iya dawo da ciwon da ƙarfi. Ka tafi da wanda ka yarda da shi, ku faɗi illar da sunanta.

Baba Mai Ritaya

'Ya'yana, wannan gardamar ta girme mu duka. A 1839 wani likita John Conolly ya karɓi wani babban asibiti a Hanwel kusa da Landan, cikin 'yan watanni ya kawar da maɗaurai da rigunan ɗaure hannu, a zamanin da babu ko ɗaya daga cikin magungunan yau. A Italiya wani likita Franco Basaglia ya buɗe ƙofofin asibitin Tiriyaste, har aka yi dokar 1978 da ta hana kwantar da sababbin mutane a tsofaffin gidajen mahaukata. Idan waɗancan sun iya, "ba yadda za mu yi" ba ta cika gamsar da ni ba.

Barista Ƙarami

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a ƙara da cewa Italiya ba ta daina tilas ba. Tana nan, kwana 7 ne ana sabuntawa, sai likitoci biyu sun nema, magajin gari ya sa hannu, alƙali ya tabbatar. Kuma a can ne a 2009 wani malamin makaranta, Francesco Mastrogiovanni, ya mutu bayan an bar shi ɗaure a gado fiye da awa 80, kyamarar asibitin tana ɗauka. Doka mai kyau ba ta kwana a ɗakin marasa lafiya.

Abin lura, gyara kan zo ne bayan an yi gawa. A Erwadi ta Indiya gobara ta kashe mutum 28 a 2001 a wani gidan da ake ajiye masu taɓin hankali, sun kasa gudu don suna cikin mari. Dokar Indiya ta 2017 ta haramta sa sarƙa. A Landan Olaseni Lewis, saurayi ɗan shekara 23, ya shiga asibiti da kansa a 2010, ya so fita, 'yan sanda 11 suka danne shi, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Iyayensa suka yi ta fafutuka har aka yi dokar 2018 da ta wajabta rubuta duk amfani da ƙarfi. Baƙar fata ne, kuma a Ingila ana tsare baƙaƙe fiye da ninki uku na farare, wannan ma zance ne mai zaman kansa. Kotun tsarin mulkin Jamus a 2018 ta ce ɗaure mutum a gado da zai wuce kamar rabin awa sai da izinin alƙali, sai ma'aikaci ya zauna kusa da shi, kuma bayan an kwance shi a gaya masa yana da damar kai ƙara. Ku auna wannan da abin da aka yi wa Malam.

Kada kuma mu manta waɗanda ba su kai asibiti ba ma. Rahoton ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch na 2020 ya sami mutane a ɗaure da sarƙa a ƙasashe 60, a gidajensu da wuraren addu'a da na masu maganin gargajiya. Su ko fayil ba su da shi.

Shiru Ma Magana

Ni ba a taɓa ɗaure ni ba, ba a taɓa kulle ni ba. An dai ce idan ban karɓi allurar wata-wata ba za a rubuta ban dace in riƙe 'ya'yana ba. Ina karɓa. Ku gaya mini wannan sunansa me.

Kurciya

Sunansa dole, 'yar'uwa. Irin wadda ba ta shiga lissafin kowa.

Abban Yara

Jiya da daddare na kira ƙanena na tambaye shi. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Ya ce kai shi da na yi bai dame shi ba yanzu, ƙaryar abokin ce ta dame shi, don tun daga ranar duk wanda ya ce "zo mu je" sai gabansa ya faɗi. Ya ba ni labarin wasu abubuwa da ba zan rubuta a nan ba.

Har yanzu ina kan bakana, in ya sake daina shan ruwa zan kai shi. Tambayata, akwai yadda za a yi ba da yaudara ba?

Dakta na Zaure

Akwai, kuma yanzu da yake lafiya ne lokacinta. Ku zauna da shi da likitansa ya faɗi abin da yake so a yi idan ciwon ya tashi, a rubuta: alamun da ke fara zuwa, wa za a kira, wa ba ya so a kira, maganin da ya karɓe shi da wanda ya wahalar da shi, abin da ke kwantar masa da hankali, a wane mataki ya yarda a kai shi ko da bakinsa yana cewa a'a. Wani gwaji a Ingila a 2004 ya ga irin wannan takarda ta rage tsarewa da kusan rabi. Wanda ya fi shi girma a 2013 bai ga haka ba, kuma masu binciken sun lura likitoci da yawa sun cike ta ne kamar sauran fom, ba su saurari mai ita ba. Dokar Indiya ta 2017 ta ba irin wannan wasiyya matsayi a shari'a, har da zaɓen wakilin da zai yi magana da yawunka.

Mai Jiran Asuba

Abban Yara, roƙona ɗaya, kada ka rubuta ka kawo masa ya sa hannu. Ba shi biron. Tawa matata ce ta zauna da ni, layin farko na ce a bar ni in kira gida, na biyu kada namiji ko mace su tuɓe ni a gaban mutane.

Sista Mai Aikin Dare

Kuma ta zama shafi ɗaya, a manna ta a bangon fayil, ku ma ku ajiye hotonta a waya. Da tsakar dare ba mai buɗe tsakiyar fayil yana nema.

Abban Yara

To idan ya rubuta kada a kwantar da shi ko me zai faru fa? Na san halinsa, zai iya.

Barista Ƙarami

Ya danganta da ƙasa. A Ingila idan an tsare mutum bisa doka likita na iya tsallake abin da ya rubuta game da maganin ƙwaƙwalwa, in ban da jinyar lantarki (wato a ratsa ƙwaƙwalwa da 'yar wutar lantarki don magani), wadda ba a yi wa wanda ya rubuta ƙin ta sai in rai na cikin haɗari. A Indiya sai an je gaban hukumar bita kafin a soke wasiyyar, amma ba ta hana taimakon gaggawa. Ka nemi dokar inda kuke kafin ku zauna, ka gaya masa iyakar takardar tun farko, kada ya ɗauka ta fi ƙarfinta.

Mai Jiran Asuba

In ya rubuta haka, kada ka yi gardama ranar. Tambaye shi me ake yi a can da ya sa ya gwammace komai a kan komawa, ku fara rubuta waɗannan. Ni ma da haka na fara tawa, sai da muka yi zama na gaba na yarda aka sa sunan asibitin da za a kai ni.